Wane gwaji za a fara, wane za a bari? Yadda sawun gwaji ke jagorantar binciken manhaja

A safiyar Juma'a, 19 ga Yuli, 2024, kwamfutoci masu amfani da Windows suka shiga mutuwa a filayen jiragen sama da bankuna da asibitoci na ƙasashe da dama. Allo ya koma shuɗi, na'ura ta ƙi tashi. Kamfanin Microsoft ya ƙiyasta cewa abin ya shafi na'urori miliyan 8.5. Silar duk wannan wani ɗan fayil ne da kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka, CrowdStrike, ya tura wa masu hulɗa da shi. Bayan minti 78 ya janye fayil ɗin, amma aikin gama ya riga ya gama. Tambayar da ta riƙa yawo a bakin mutane ita ce: wai ba su gwada ba ne kafin su tura?

Sun gwada tsarin da fayil ɗin ya dogara da shi. Rahoton da kamfanin ya fitar ranar 6 ga Agusta na shekarar ya lissafa gwaje-gwajen da aka yi a watannin baya, kuma babu wanda ya nuna matsala. A nan ne kan mutum ke ɗaurewa in ba ɗan sana'ar ba ne, domin da yawa sun ɗauka kalmar "an gwada" na nufin an bi manhaja saƙo da lungu. Abin ba haka yake ba. Gwaji yana da inda ƙafarsa ta tsaya, kuma manyan kamfanoni irin su Google da Facebook ba sa ma gudanar da dukkan gwaje-gwajen da suka mallaka a kan kowane canji, saboda lokaci da kuɗi ba za su bari ba. Kullum akwai shawara biyu da ake yankewa: wane gwaji za a fara da shi, wane kuma za a tsallake a wannan karon. Ɗaya daga cikin tsofaffin ma'aunan da ake dogara da su wajen yanke wannan shawara shi ne wanda masu sana'ar ke kira kobarej. A nan za mu kira shi sawun gwaji.

## Mene ne sawun gwaji?

Manhaja umarni ne da aka rubuta wa kwamfuta layi-layi, wanda ake kira kod. Gwaji kuwa wata 'yar ƙaramar manhaja ce da ke ba babbar wani aiki, sannan ta duba ko amsar ta fito yadda ake tsammani. A ɗauki manhajar tura kuɗi ta waya. Gwaji zai buɗe asusu na wucin gadi mai naira 10,000, ya tura 3,000, a ce cajin turawa naira 10 ne, sannan ya duba ko abin da ya rage 6,990 ne. In haka ne, gwaji ya wuce. In wata lamba ce ta fito, ya faɗi, sai a nemi dalili.

To amma cikin dubban layukan manhajar, waɗanne ne wannan gwaji ya bi ta kansu? Maigidan da ke zargin wani abu na shigo masa da dare yakan share tsakar gida ya barbaɗa toka, da safe ya fito duba sawu. Haka ake yi wa kod. Ana saka masa 'yan alamomi masu ƙirga, duk layin da kwamfuta ta aiwatar sai a rubuta cewa an taka shi. Bayan gwaji sai a ga inda akwai sawu da inda toka ke nan sumul. Dabarar ta daɗe: tun 1963 Joan Miller da Clifford Maloney suka yi bayaninta a mujallar ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM. A yau kowane babban yaren rubuta manhaja yana da kayan aunawa: gcov ga yaren C, JaCoCo ga Java, coverage.py ga Python, Istanbul ga JavaScript.

Sawun yana da matakai. A dubi wannan umarni: idan lambar sirri daidai ce, kuma kuɗin asusu sun isa, a tura. Gwaji ɗaya, mai lambar sirri daidai da isassun kuɗi, ya isa ya taka kowane layi. Wannan shi ne sawun layi. Sawun reshe yana buƙatar gwaji biyu, ɗaya da aka tura, ɗaya da aka ƙi. Akwai mataki mai tsauri fiye da haka, inda dole a nuna cewa kowane sharaɗi shi kaɗai yana iya sauya hukuncin, don haka sai an yi uku: komai daidai, lambar sirri ba daidai ba, sai kuma kuɗi ba su isa ba. Ƙa'idar DO-178C, wadda hukumomin sufurin sama ke aiki da ita, ta wajabta wannan mataki na uku ga manhajar da lalacewarta kan iya kayar da jirgi.

Abin da aka fi sani shi ne lamba ɗaya ta jimla, a ce gwaje-gwajenmu sun taka kashi 80 cikin 100 na kod. Wannan lamba ba ta da amfani wajen jerantawa ko zaɓe. Abin da ake buƙata shi ne jadawali mai nuna sawun kowane gwaji shi kaɗai, wato wane gwaji ya taka wane layi. Tattara shi ya fi tsada, ajiye shi ya fi cin wuri, shi ya sa ba kowane kayan aunawa ne ya zo da shi tun farko ba. A coverage.py sai a fitowa ta 5.0, a ƙarshen 2019, aka shigar da shi.

## Yadda wankin hula ya kai dare

Manhaja ba ta zama wuri ɗaya. Kullum ana gyara, ana ƙari, kuma gyaran wuri ɗaya kan ɓata wani wuri da ke aiki lafiya jiya. Saboda haka bayan kowane canji ake sake gudanar da tsofaffin gwaje-gwaje, a tabbatar ba a koma baya ba. Matsalar ita ce gwaje-gwaje taruwa suke yi. Kowane sabon aiki yana zuwa da nasa, kowane kuskuren da aka kama ana rubuta masa gwaji don kada ya dawo, ba kasafai kuma ake goge tsoho ba.

A wani bincike da ya zama tushen wannan fanni, wanda Gregg Rothermel da Roland Untch da Chengyun Chu da Mary Jean Harrold suka fara gabatarwa a 1999 suka kuma faɗaɗa a 2001, sun kawo labarin wani kamfani da suke aiki tare: manhajarsa layi kusan 20,000 ce kawai, amma gudanar da dukkan gwaje-gwajenta na cin mako bakwai. Shekaru bayan haka kwamfutoci sun ƙara sauri, sai dai nauyin ya fi saurin girma. Wata takarda da injiniyoyin Google suka fitar a 2017 ta ce a rana guda tsarinsu na gudanar da gwaji sau miliyan 150, kuma duk da haka ba ya iya gwada kowane canji shi kaɗai.

Jira yana da illa biyu. Na'urorin da ke gwajin kuɗi ake biya. Sannan injiniyan da ya yi canji da safe, sakamako bai zo masa ba sai washegari, ya riga ya shiga wani aiki, wasu kuma sun ɗora nasu a kan nasa. Kafin a gano, an yi kitso da kwarkwata.

## Hanyoyi uku da ake yawan cakuɗawa

Wani nazari da Shin Yoo da Mark Harman suka wallafa a 2012 ya kasa maganin gida uku, kuma bambancinsu yana da muhimmanci domin haɗarinsu ba ɗaya ba ne.

Ragewa ita ce a cire gwaje-gwajen da ake ganin maimaici ne, a bar mafi ƙarancin adadin da zai ba da sawu iri ɗaya. Gano wannan mafi ƙarancin adadi yana cikin matsalolin lissafi masu wuya da Richard Karp ya jera a 1972, don haka kusantowa kawai ake yi. Ita ce ta fi haɗari, domin abin da aka cire ya tafi ke nan. Zaɓe shi ne a duba canjin yau, a gudanar da gwaje-gwajen da canjin ya shafa kaɗai, sauran suna nan ajiye don gobe. Jerantawa kuwa ba ta zubar da komai. Tsari kawai take sauyawa, waɗanda aka fi zaton za su kama kuskure su zo gaba, ta yadda in akwai mugun labari za a ji shi da wuri, in kuma lokaci ya ƙare aka tsaya a tsakiya, an riga an yi masu nauyi.

## Jerantawa a aikace

A ce manhajar tura kuɗin nan tana da sassa goma. Na 1 zuwa na 7 su ne hanyar da kowa ke bi: shiga asusu, duba lambar sirri, duba kuɗi, cirewa, turawa da sauransu. Na 8 da na 9 lissafin caji ne. Na 10 shi ne wanda ke mayar wa mutum kuɗinsa idan an cire amma ba su isa wurin wanda aka tura wa ba. Akwai gwaji biyar. Gwajin A yana taka sashe na 1 zuwa na 7. B yana taka na 1 zuwa na 6. C yana taka na 1 zuwa na 5. D yana taka na 1 da na 8 da na 9. E kuwa na 10 kaɗai yake takawa.

Hanya ta farko ita ce ta jimla: wanda ya fi yawan sawu shi ne a gaba. Jerin zai zama A, B, C, D, E. Da sauƙin lissafi, amma a lura, bayan gwaji uku har yanzu sassa bakwai aka taka, domin B da C a kan sawun A suka yi ta tafiya.

Hanya ta biyu ita ce ta ƙari. A fara da A, sannan a tambaya wane ne zai taka sabon wuri mafi yawa. B da C ba su da sabon abu. D yana kawo biyu, E yana kawo ɗaya. Jerin zai zama A, D, E, kuma a gwaji na uku an taka duka goma. Daga nan sai a share allo a sake lissafi da waɗanda suka rage, B ya zo, C ya biyo baya.

Idan kuskuren yana sashen mayar da kuɗi, hanyar ƙari za ta kama shi a gwaji na uku, ta jimla sai a na biyar. Wannan ne ya sa aka fi yaba hanyar ƙari, kuma wani bincike da Zheng Li da Mark Harman da Robert Hierons suka yi a 2007 ya nuna da wuya dabarun lissafi masu rikitarwa su wuce ta. Sai dai ita ma tana da inda take tuntuɓe. A ce kuskuren yana sashe na 4, kuma ba ya fitowa sai an yi ƙoƙarin tura naira sifili, abin da C kaɗai ke gwadawa. Gwajin A ya taka sashe na 4 da naira 3,000 ya wuce lafiya, hanyar ƙari ta ɗauka an gama da wurin, ta jefa C can ƙarshe. A wannan karon hanyar jimla ce za ta riga kamawa. Hanyar ƙari tana ɗaukar cewa taku ɗaya ya wadatar, ta jimla kuma ba ta damu da maimaici ba, kuma gaskiya tana tsakaninsu.

Don a iya kwatanta jeri da jeri, Sebastian Elbaum da Alexey Malishevsky da Rothermel suka yi amfani da wani ma'auni mai suna APFD, daga 0 zuwa 100, wanda ke hawa gwargwadon saurin kama kurakurai. Ma'aunin masu bincike ne, domin sai an san inda kurakuran suke kafin a lissafa shi. Daga baya suka gyara shi ya haɗa da tsawon lokacin kowane gwaji da girman kowane kuskure. Gyaran yana da hujja: in A na cin sa'a guda, D da E kuma daƙiƙa goma-goma, babu dalilin sa su jira a bayansa.

Microsoft ya ƙara wani abu a tsarinsa mai suna Echelon, wanda Amitabh Srivastava da Jay Thiagarajan suka bayyana a 2002. Tsarin yana kwatanta tsohuwar manhaja da sabuwa, ya gano wuraren da suka canza, sannan ya sa gwaje-gwajen da ke taka waɗannan wurare a gaba. Sawun da ke kan canjin yau ya fi sawun da ke ko'ina daraja.

## Zaɓe, da abin da ake kira amintaccen zaɓe

Tunanin zaɓe a miƙe yake. In yau sashe na 9 aka gyara, jadawali ya nuna D kaɗai ke bi ta wurin, don haka D kaɗai za a gudanar. Gwajin da bai taɓa bi ta wurin da aka canza ba, sakamakonsa ba zai sauya ba. A 1997 Rothermel da Harrold suka tsara wannan a lissafe, suka kira zaɓe amintacce idan bai bar ko gwaji ɗaya da canjin zai iya sauya sakamakonsa ba. Amma amincin yana rataye ne a kan sharaɗi: dole komai ban da kod ya zauna yadda yake, daga na'ura zuwa bayanan da ake karantawa zuwa tsarin lokaci. A ɗakin bincike ana iya cika wannan sharaɗi. A kamfani mai manyan kwamfutoci (saba) ɗari da rumbun bayanai da intanet a tsakani, da ƙyar.

Sai kuma batun ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Tattara sawu yana rage saurin gwaji, nazarin canji yana cin lokaci, jadawali yana buƙatar sabuntawa. In aka haɗa waɗannan da lokacin gwaje-gwajen da aka zaɓa suka zarce lokacin gudanar da duka, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

A nan ne wani sakamako na 2015 ya ba da mamaki. Milos Gligoric da Lamyaa Eloussi da Darko Marinov suka gina Ekstazi, wanda ba ya bin sawu layi-layi, fayil-fayil yake bi. Yana rubuta fayilolin da kowane gwaji ya taɓa, in ɗaya daga ciki ya canza sai a sake gwajin. Wannan yana jawo gwaje-gwaje fiye da yadda ake buƙata, amma lissafinsa arha ne ƙwarai. A kan canje-canje 615 na manhajoji 32, ya rage lokacin gwaji baki ɗaya da kashi 32 cikin 100 a matsakaici, da kashi 54 ga masu dogon gwaji. Yana da wata riba kuma: yana ganin fayilolin da ba kod ba ne. In farashin caji yana rubuce a wani fayil na saiti, aka sauya naira 10 zuwa 100 bisa kuskure, mai bin layi ba zai ga canji ba balle ya zaɓi D. Mai bin fayil zai gani.

## Inda sawu ke ruɗar mutum

Sawu yana nuna inda ƙafa ta taka, ba ya nuna abin da ido ya gani. Ana iya rubuta gwajin da zai tura kuɗi, ya bi ta sassa bakwai, amma ba a sa shi ya duba abin da ya rage a asusu ba. A jadawali zai fito a sahun gaba, alhali ko kuɗin mutum ɓacewa suka yi zai ce lafiya lau.

Masana sun yi saɓani kan girman wannan matsala, har ma a taro ɗaya. A babban taron injiniyancin manhaja na duniya na 2014, Laura Inozemtseva da Reid Holmes suka gabatar da nazarin rukunonin gwaji 31,000 a kan manyan manhajojin Java biyar. Suka ce in aka cire tasirin yawan gwaje-gwaje, alaƙar da ke tsakanin sawu da kama kuskure daga rauni take zuwa matsakaici, kuma matakan sawu masu tsauri ba su fi na layi da wani abin a zo a gani ba. A wannan taro dai Rahul Gopinath da Carlos Jensen da Alex Groce suka duba ɗaruruwan manhajoji, suka ce sawun layi yana hasashen ingancin gwaji sosai. Tambayoyin nasu ba iri ɗaya ba ne. Na farko sun ƙera rukunonin gwaji ne daga manhaja ɗaya suka daidaita girmansu, na biyu sun kwatanta rukunonin da mutane suka rubuta a manhajoji daban-daban. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne wurin da babu sawu, babu gwajin da zai kama kuskurensa.

Misalin wannan shi ne kuskuren da Apple ya gyara a Fabrairun 2014. A kod ɗin da ke tantance ingancin haɗin sirri tsakanin waya da shafin intanet, an maimaita wani layi sau biyu, maimaicin ya sa ana tsallake binciken ƙarshe a kowane lokaci. Layukan da ke biye babu yadda za a yi a taka su. Rahoton sawu zai nuna su da tokarsu sumul.

Akwai wasu ramukan. Jadawalin taswirar jiya ce, sabon kod da aka rubuta yau ba shi da sawu a cikinta, sabon gwaji ma ba a san inda zai bi ba, shi ya sa ake gudanar da sababbi ko ta halin ƙaƙa. Sawu kuma ba ya ganin kod ɗin da ya kamata a rubuta ba a rubuta ba. In an manta da hana tura adadin da ke ƙasa da sifili, babu layin da zai fito ja a rahoto.

Matsalar CrowdStrike daga wannan dangi take, ba daga tsallake gwaji don sauri ba. Bisa rahoton kamfanin, an tsara wani sabon samfurin rubuta dokokin tsaro mai guraben bayani 21, amma kod ɗin da ke miƙa bayanai 20 yake bayarwa. A gwaje-gwaje da fitowar farko, gurbi na 21 an bar shi da alamar "duk abin da ya zo a karɓa", don haka ba a taɓa neman karanta shi ba. Ranar 19 ga Yuli aka tura dokar da ke neman takamaiman abu a wannan gurbi, manhajar ta miƙa hannu wurin da babu komai a ƙwaƙwalwar na'ura, kuma da yake a can cikin zuciyar Windows take aiki, sai ta faɗi da kwamfutar gaba ɗaya. Layin da ke karanta gurbi yana iya samun sawu sau dubbai a kan gurabe 20 na farko, ma'auni ya nuna kore, giɓin kuma yana nan.

Hanyar da ake bi a auna idon gwaji ita ce a dasa kuskure da gangan, a mayar da alamar tarawa ta koma ta ɗebewa misali, a ga ko wani gwaji zai faɗi. Richard DeMillo da Richard Lipton da Frederick Sayward suka bayyana ta a 1978. Tana da tsada, kuma abin da ke sauƙaƙa ta shi ne sawun da ake kuka da shi: kayan aiki irin su PIT na Java suna duba jadawali su gudanar da gwaje-gwajen da ke taka layin da aka dasa wa kuskure kaɗai.

## Inda manyan kamfanoni suka karkata

Idan kod na canzawa sau da yawa a cikin minti guda, jadawalin sawu yana tsufa kafin a gama tattara shi. Google ya fi dogara da taswirar dogaro, wato wane ɓangare ne ke amfani da wane, sannan ya tara canje-canje ya gwada su a dunƙule lokaci-lokaci. A 2014 Elbaum da Rothermel da John Penix na Google suka nuna cewa tarihi kaɗai yana aiki ba tare da sawu ba: a sa gwajin da ya faɗi kwanan nan a gaba, da wanda aka daɗe ba a gudanar ba, da sabo.

Facebook ya ƙara nisa. A 2018 ya bayyana tsarin da ke koyo daga sakamakon gwaje-gwajen baya, ya yi hasashen waɗanda za su faɗi a kan sabon canji. Kamfanin ya ce tsarin ya rage kuɗin na'urorin gwaji da rabi, yana kama fiye da kashi 95 cikin 100 na gwaje-gwajen da za su faɗi, da fiye da kashi 99.9 na canje-canje masu kuskure. Lambobin biyu sun bambanta ne saboda kuskure ɗaya kan kayar da gwaji da yawa, kama ɗaya daga ciki ya isa a tsayar da canjin. Wannan zaɓe ba amintacce ba ne a ma'anar 1997, kuma ba a yi iƙirarin haka ba. An yarda wani ƙalilan zai sulale, a tare shi a mataki na gaba inda ake gudanar da komai.

Dogaro da tarihi yana da nasa ciwon kai, wato gwaji mai tangal-tangal, wanda ke wucewa yanzu ya faɗi an jima ba tare da an taɓa kod ba. A 2016 Google ya ce kusan kashi 16 cikin 100 na gwaje-gwajensa suna da wannan hali ko da kaɗan ne. In ba a tace su ba, su ne za su riƙa cika sahun gaba.

A ɗaya gefen akwai SQLite, ƙaramin rumbun bayanan da ke cikin kowace wayar Android da iPhone. Masu kula da shi suna riƙe sawun reshe kashi 100 cikin 100 tun 2009, kuma kod ɗin gwajinsu ya ninka na manhajar sau ɗaruruwa. Suna iya haka ne domin manhajar ƙarama ce, masu taɓa ta kaɗan ne, ba kuma kullum ake fitar da sabuwa ba.

## Abin da ya shafi mai waya da mai ƙaramin kamfani

Mai amfani da manhajar banki ko ta sayen kati ba ya ganin ko ɗaya daga cikin wannan, amma yana ɗanɗana sakamakonsa ta fuska biyu. Saurin gwaji ne ke sa a iya gyara matsalar da aka gano da safe kafin yamma. Zaɓen da ya yi tsauri kuma shi ke barin kuskure ya iso wayarsa, kuma wurin da aka fi samun giɓi shi ne hanyar da ba a cika bi ba, irin sashe na 10 na misalinmu, wanda ba ya aiki sai ranar da intanet ta yanke ana tsakiyar turawa. Saboda gwaji ba ya kama komai ne kamfanoni ke fitar da sabuntawa kashi-kashi, a fara da 'yan na'urori a ga yadda ta kaya. CrowdStrike bai yi haka da wancan fayil ba, kuma yana cikin abubuwan da ya yi alkawarin gyarawa, tare da ƙara gwajin da zai sa takamaiman abu a kowane gurbi.

Hukuma ko ɗan kasuwar da ya ba da kwangilar rubuta manhaja zai iya cin karo da lamba a takarda, a ce masa sawun gwaji ya kai kashi 90. Google da kansa, a jagorar da ya fitar a 2020, ya ce kashi 60 abin karɓa ne, 75 abin yabo, 90 abin koyi, tare da gargaɗin cewa babu lamba ɗaya da ta dace da kowa. Tambayoyin da suka fi lambar amfani su ne: kashi goman da ba a taka ba, ina ne? Lissafin kuɗi yana ciki? Gwaje-gwajen suna duba amsa, ko wucewa kawai suke yi? Yaushe ake gudanar da su duka ba tare da zaɓe ba?

Ga ƙananan rukunonin masu rubuta manhaja, irin waɗanda ake samu a Kano ko Kaduna ko Yamai, lissafin ya bambanta da na Google. In dukkan gwaje-gwaje minti biyar suke ci, gina tsarin zaɓe ɓata lokaci ne, a gudanar da su duka. Lamarin yana sauyawa idan suka kai rabin sa'a zuwa sama, musamman da yake na'urorin gwaji na haya, irin na GitHub Actions, minti-minti ake lissafa su da dala bayan kason kyauta ya ƙare. A nan matakin farko shi ne jerantawa, tunda ba ta zubar da komai, kuma pytest, kayan gudanar da gwaji na Python, yana iya fara da waɗanda suka faɗi a karon baya ba tare da an ƙara masa wani abu ba. Mataki na biyu shi ne zaɓe a kan kwamfutar injiniya yayin da yake aiki: Jest, kayan gwaji na JavaScript, yana iya ware gwaje-gwajen da ke da alaƙa da fayilolin da aka taɓa, pytest-testmon kuma yana yin haka da sawun coverage.py. Duka gwaje-gwajen sai a bar su ga dare da kuma kafin kowace fitarwa. Duk ranar da aka taɓa fayil na saiti, ko tsarin rumbun bayanai, ko aka sabunta wata manhajar waje da ake dogara da ita, a ajiye zaɓe gefe a gudanar da komai, domin waɗannan su ne canje-canjen da jadawalin layi ba ya gani.